Huɗu da Ɗigo Bakwai

Laraba, 4 ga wata, ƙarfe 7:10 na safe

Ban je ofis ba. Oga ya ce in zauna a gida har abubuwa su lafa. Shekara tara ina yi wa kamfaninsa lissafin gini, ban taɓa jin muryarsa ta yi sanyi irin na jiya ba.

Abban yara ya tafi kai yara makaranta. Ya ajiye mini shayi a kan teburin aiki, kusa da kwamfuta. Ban kunna ta ba. Na wanke takalmin da na je wurin ginin da shi jiya, na sake wankewa. Siminti ne kawai a jikinsa. Siminti ne kawai.

Laraba, ƙarfe 4:00 na yamma

Dogo kafinta, wanda baranda ta rufto masa jiya, yana asibiti. An ce yana magana.

Alhamis, 5 ga wata, ƙarfe 10:30 na safe

Ina cikin shanya na tuna wani abu, har na bar bokiti a waje na shigo da gudu.

Kwamfutar nan ni na haɗa ta da hannuna shekara biyu da suka wuce, a kan teburin cin abinci. Abban yara yana ta tsokanata, wai a gidan nan mace ce mai sukudireba, shi kuwa aikinsa riƙe tocila. Furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yin lissafin, masu ƙera ta sun rubuta gudunta a jikin kwali: 3.6. Bara da aiki ya taso mini haiƙan, gini uku a lokaci guda, sai na shiga shafin saiti, wannan shuɗin shafin da ake shiga kafin kwamfuta ta gama tashi, na ɗaga gudun zuwa 4.7, na ƙara mata wuta kaɗan. Lissafin da ke cin minti hamsin ya dawo talatin da takwas. Na riƙa ɗauko yara a kan lokaci. Babu wanda ban yi wa alfahari da abin nan ba a ofis.

Na taɓa karantawa cewa idan aka matsa wa furosesa fiye da ƙarfinta, ba kullum take mutuwa ba. Wani lokaci sai ta ci gaba da aiki lafiya lau a ido, alhali tana ba da amsar da ba daidai ba, ba kuma za ta ce uffan ba.

A kanta na lissafa rodin barandar hawa na biyu.

Wani abu nake ji. Ban sani ba ko tsoro ne ko murna. Idan murna ce, Allah ya yafe mini.

Juma'a, 6 ga wata, ƙarfe 2:15 na rana

Na saka mata manhajar gwaji, irin wadda ke ba furosesa lissafi mai nauyi ba hutawa, tana duba ko amsa ta fito daidai. Na zauna ina kallo. Fanka ta yi ta ihu kamar za ta tashi sama. Zafi ya kai digiri casa'in da shida.

A minti na arba'in da ɗaya jan rubutu ya fito. Kuskure.

Na ɗauki hotonsa da waya, sau uku. Na ci abinci yau.

Asabar, 7 ga wata, ƙarfe 5:30 na yamma

Na rungumi akwatin kwamfutar kamar jinjiri na kai wa Tabarau, mai gyaran da ke ƙasan bene a layin masu kayan wuta. Shagonsa ba ya ɗaukar mutum biyu sai ɗaya ya tsaya a karkace. Ya kwance fankar, ya leƙa ta saman tabaraunsa, ya kankaro man da ake shafawa tsakanin furosesa da fanka da farcensa. Ya bushe ƙamas.

"Malama, wa ya haɗa miki wannan?"

Na ce ni ce.

"Haɗi ya yi kyau, ba ƙarya. Amma kin sa ta gudun da ba nata ba, kuma ba ki ba ta ruwa ba." Ya yi dariya shi kaɗai.

Ya shafa sabon mai, ɗan ɗigo kamar ƙwayar shinkafa. Ya ce ba a saita gudu da ka. Ana sauka ne kaɗan-kaɗan, a kowane mataki a bar gwaji ya yi awanni. Inda ta yini ba kuskure, zafi kuma bai wuce tamanin ba, nan ne iyakarta. "Amma in aikin da ake dogara da shi ne, ki mayar da ita inda masu ita suka ce, ki huta."

Na tambaye shi ko za ta iya ba da amsar ƙarya ba tare da mutum ya sani ba.

"Tana iyawa. Sai dai ba kasafai ba. Yawanci faɗuwa take yi gaba ɗaya, allo ya ɗauke." Ya cire tabarau ya dube ni. "Wani abu ya faru ne?"

Na ce ba komai.

Tana iyawa. Abin da ya ce ke nan. Tana iyawa.

Lahadi, 8 ga wata, ƙarfe 6:00 na yamma

Baba ya zo ba sanarwa. Shekara arba'in ya yi yana gini kafin gwiwa ta zaunar da shi, har yau kuma ba ya shiga ɗaki bai shafa bango da tafin hannu ba. Ya zauna a falo, yara suka haye shi, ya bari sai da suka fita.

"Uwata, kina cin abinci kuwa?"

Na ce ina ci.

"Na bi ta wajen ginin jiya. Sun kewaye da kwano." Ya murza gwiwa. "Akwai ɗan rami a jikin kwanon. Na ƙirga rodin da ke leƙowa."

Bai faɗi nawa ya ƙirga ba, ni ma ban tambaya ba. Na ja shi ɗakin aiki na nuna masa hoton jan rubutun, na yi ta bayani, gudu, zafi, wuta, digiri. Na ji muryata tana tashi. Na ce, "Baba, kwamfutar ce."

Ya kalli akwatin. Ya ce, "To."

Da zai tafi ya manta hularsa a kan kujera, sai da na bi shi da ita.

Litinin, 9 ga wata, ƙarfe 9:00 na safe

Ga yadda zan yi. Fayil ɗin barandar yana nan yadda na bar shi, ban taɓa komai a ciki ba. Zan riƙa sauke gudun, a kowane mataki in yi gwaji, sannan in sake lissafin. Idan kwamfutar ce ta yi kuskure, ranar da ta dawo hayyacinta amsar za ta bambanta da abin da ke kan zanen da na sa wa hannu.

A kan zanen: rodi mai milimita goma sha biyu, tazarar santimita ashirin.

Yau 4.6.

Litinin, ƙarfe 3:40 na yamma

Gwaji ya nuna kuskure bayan awa biyu. Lissafin baranda: goma sha biyu, tazarar ashirin. Ba mamaki, ai har yanzu ba ta da lafiya.

Talata, 10 ga wata, ƙarfe 1:00 na rana

Mako guda.

4.5. Goma sha biyu, tazarar ashirin.

Laraba, 11 ga wata, ƙarfe 11:20 na safe

Oga ya kira. Kwamitin bincike zai zauna ranar 25 ga wata. Na ba shi labarin kwamfutar, na ji ya gyara zama ta cikin waya.

"Madalla, Injiniya. Ki samo takarda daga mai gyaran, ya sa hannu. Sannan akwai maganar tokara."

Na ce wace magana, yallaɓai?

"Katakon da ya tokare barandar. Ke kin rubuta kwana ashirin da ɗaya. Shi kafintan ya fara cirewa a kwana na sha tara. Shugaban leburori ya shaida. To da na'ura, da tokara, ina ruwanki? Ina ruwan kamfani?"

Na ce ya jikin nasa.

"Ana kula da shi," in ji shi. Sai ya ce ana kiransa a ɗaya layin.

Alhamis, 12 ga wata, ƙarfe 4:50 na yamma

4.4. Kuskure ɗaya a awa biyar. Amsar ba ta motsa ba.

Na san zan iya tsallakewa kai tsaye zuwa 3.6. Danna maɓalli huɗu ne. Amma Tabarau ya ce a sauka kaɗan-kaɗan.

Juma'a, 13 ga wata, ƙarfe 7:30 na yamma

Mun yi cacar baki da Abban yara, ta farko tun da abin ya faru. Ya tsaya a bakin ƙofa da farantin da ban taɓa ba tun rana.

"Kin fi hira da fankar nan a kan mu. Auta ta tambaye ni ko laifi ta yi miki."

Na ce aiki nake yi.

"Wane aiki? Kallon lamba? Je ki asibiti ki duba mutumin nan, ko kya samu sauƙi a ranki. Ni zan kai ki."

Na ce sai na gama. Ya ce gama me. Na ɗaga murya na ce ya fita ya rufe mini ƙofa, iskar da ke shigowa tana canza zafin ɗakin. Wallahi haka na ce masa. Mutumin da bai taɓa ɗaga mini murya ba. Ya ajiye farantin a ƙasa ya ja ƙofar a hankali, kamar mai fita daga ɗakin mara lafiya.

Asabar, 14 ga wata, ƙarfe 12:00 na rana

Shugaban leburori ya turo saƙo. Ƙafafun Dogo ba sa ji.

Lahadi, 15 ga wata, ƙarfe 8:15 na safe

Ban kunna ta ba jiya. Yau 4.3.

Wani lokaci nakan ga ƙura kawai. Ba na jin ƙarar, ƙurar kawai, da mutane suna gudu ta gefena, da hular kwano mai ruwan ɗorawa tana juyawa a ƙasa ita kaɗai. Ba zan rubuta sauran ba.

Litinin, 16 ga wata, ƙarfe 6:10 na yamma

4.2. Awa tara, ba kuskure ko ɗaya. Zafi saba'in da huɗu. Fanka tana numfashi a hankali kamar mai barci. Wannan ne gudunta na gaskiya, inda ya kamata in tsaya tun bara da na yi haƙurin gwadawa.

Na sa lissafin. Na fita na share tsakar gida da ba ta buƙatar shara. Na dawo.

Goma sha biyu. Tazarar ashirin.

Talata, 17 ga wata, ƙarfe 10:00 na safe

3.6, yadda aka rubuta a kwali. Na mayar da wutar yadda take. Na yi sau uku.

Ba sai na rubuta ba.

Talata, ƙarfe 2:30 na rana

Na kashe ta. Na ɗauko takarda da fensir da tsohon kalkuletana na makaranta, na shimfiɗa zanen mai tsara ginin a ƙasa, na yi lissafin da hannu kamar yadda aka koya mana. Minti ashirin ya ɗauke ni. Minti ashirin kacal.

Rodin da ake buƙata ya ninka abin da na rubuta sau uku.

Na kunna ta na buɗe shafin farko na fayil ɗin, inda ake shigar da awo. Kwana tara ina sake lissafin nan ban taɓa buɗe shafin farko ba.

Tsawon da baranda ta fito daga bango, a kan zane: mita 2.1.

Abin da na shigar: 1.2.

Laraba, 18 ga wata, ƙarfe 9:45 na safe

Ta yi kuskure a gwaji, gaskiya ne. Amma a wannan lissafin, abin da na ba ta shi ta lissafa, daidai, a kowane gudu.

Alhamis, 19 ga wata, ƙarfe 3:00 na yamma

Akwai abin da ban rubuta ba tun farkon littafin nan.

Ranar da za a zuba kankare na je dubawa. Dogo yana sama yana ƙarasa kafa katako. Mutum ne mai yawan wasa, kullum fensir a bayan kunne, yana kirana "ranki ya daɗe" da wata murya da ke sa leburori dariya. Ranar bai yi wasa ba. Ya sauko, ya matso kusa don kada wasu su ji.

"Injiniya, ni dai ba aikina ba ne. Amma rodin barandar nan bai yi kaɗan ba? Na yi irinta da yawa, ban taɓa ganin ta da wannan ba."

Ina duba agogo, saura kwata a tashi yara. Na ce, "Dogo, kwamfuta ce ta lissafa. Kai dai ka ji da katakonka."

Ya yi dariya ya ce, "To, ranki ya daɗe, mu da ba mu yi boko ba." Ya koma sama.

Juma'a, 20 ga wata, ƙarfe 5:15 na yamma

Na je wurin Tabarau. Ban san ƙafata ce ta kai ni ko ni na kai ta ba. Na ce ina son takarda a kan abin da ya gani. Ya rubuta a takardar shagonsa cewa ya sami na'urar a gudun da ya wuce ƙa'ida, tana zafi, tana ba da kuskure a gwaji. Ya buga hatimi. Babu ƙarya ko ɗaya a ciki.

"Ta zauna yanzu?" in ji shi.

Na ce ta zauna daram.

"To kin ga. Dama ba ta da laifi, matsa mata aka yi."

Na aika wa Oga hoton takardar. Ya amsa cikin minti ɗaya: "Kin kyauta."

Asabar, 21 ga wata, ƙarfe 7:00 na yamma

Na gaya wa Abban yara. Muna kicin, yana wanke kofuna. Na faɗi lambobin biyu, na faɗi maganar Dogo. Ya rufe famfo. Bai juyo ba.

"Wa ya sani?"

Na ce ni da kai. Baba kuma, ina jin, tun ranar da ya leƙa ta ramin kwano.

"In kin faɗa, za su karɓe lasisin?"

Na ce ƙila fiye da haka.

Ya goge hannu da tawul, ya sake gogewa. "Ba zan ce ki yi ƙarya ba. Amma in na ce miki ban yi tunanin yaran nan ba yanzun nan, ni ma na yi ƙarya. Ban sani ba. Wallahi ban sani ba."

Na so ya yi mini faɗa. Na so ya ce wani abu da zan iya jin haushinsa. Sai kawai ya jawo kujera ya zauna kusa da ni har auta ta shigo neman ruwa.

Lahadi, 22 ga wata, ƙarfe 11:00 na safe

Komai na aiki a gidan nan sai ni.

Litinin, 23 ga wata, ƙarfe 6:30 na yamma

Na je.

Ɗakin asibiti mai gado takwas, na Dogo shi ne na ƙarshe kusa da taga. Ban gane shi ba da farko, domin ban taɓa ganinsa a kwance ba. Gadon ya yi masa kaɗan, an sa kujera a ƙarshe an ɗora filo a kai. Matarsa tana gefe tana yi masa fifita da kwali. Ta tashi ta ba ni kujerarta, ta gaishe ni har da rusunawa.

Kafin in buɗe baki ya riga ni.

"Injiniya, ki yafe ni. Na jawo miki. Kin ce ashirin da ɗaya, ni kuma ana jiran katakon a wani wurin, na ce kwana biyu ba komai ba ne. An ce har aiki an dakatar da ke. Kullum ina gaya wa uwar yaran nan, da wane ido zan kalli matar nan."

Matar ta ce, "Ba ya barci saboda wannan, ranki ya daɗe. Ciwon ma bai dame shi kamar wannan ba."

Takardar Tabarau tana cikin jakata a kan cinyata. Da na ce "ba komai, na yafe," da shi ke nan. Kalma huɗu.

Na ce, "Dogo, ko wata guda ka bar tokaran, ranar da ka cire sai ta faɗo. Rodin bai kai ba. Kai ka gaya mini, ban saurare ka ba."

Bai gane ba, sai na sake faɗa. Na gaya masa biyu da ɗigo ɗaya, na gaya masa ɗaya da ɗigo biyu. Fifitar ta tsaya.

"Ba kwamfuta ba?" in ji shi.

Na ce ba ita ba ce. Ni ce.

Ya juya ido ya kalli silin. Na jira. Can ya ce, ba da ni ba, da matarsa, "Kira mini nas. Lokacin juya ni ya yi."

Ta fita. Da ta dawo ba ta dube ni ba. Ta tsaya a bakin gadon tana jiran kujerarta, na tashi na ba ta.

Talata, 24 ga wata, ƙarfe 1:20 na rana

Oga ya kira sau shida. A na bakwai na ɗauka na gaya masa abin da zan faɗa gobe. Ya ce in yi tunanin mutum talatin da ke cin abinci a kamfanin. Ya ce faɗar ba za ta tayar da kowa daga gado ba. Wannan gaskiya ne. Ya ce daga yau ba shi ba ni.

Na buga shafin farko na fayil ɗin, na zagaye lambar da jan biro. Na buga lissafin hannun. Shafi uku ne duka.

Ba na jin sauƙi. Na ɗauka zan ji. Ba abin da ya ragu.

Laraba, 25 ga wata, ƙarfe 7:40 na safe

Yara sun tafi. Abban yara ya so ya ɗauki hutu, na ce ya je aikinsa, ɗayanmu dai ya kasance yana da shi.

Na buɗe ƙofa zan fita zuwa zaman kwamitin na tarar da Baba zaune a kan dakalin waje, sanda a tsakanin gwiwoyinsa. Mota biyu ya hau kafin ya iso, da wannan ƙafar. Ban gaya masa ranar ba. Ban san wa ya gaya masa ba.

"Uwata, in raka ki."

Na ce, "Baba, ba sa barin kowa ya shiga."

Ya ce ya sani.

Na dawo ɗaukar jaka ne na rubuta wannan. Yana waje yana ƙoƙarin miƙewa, ba ya kuma son a taimaka masa.